Makaranta da takardar naɗi: yadda manyan Lituweniya suka bar ɗarikar iyayensu

Rubutun nan dogo ne, na faɗa tun da wuri, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Tun da aka fara yaƙin Rasha da Yukren sunan Lituweniya yake yawan fitowa a labarai, sai na ce bari in leƙa tarihin ƙasar in ga su wane ne. Na je neman abu ɗaya na faɗa cikin wani. Yau kusan sati uku kenan ina bin labarin wani gida guda, gidan Radziwill, da yadda manyan ƙasar suka fita daga Katolika suka shiga Furotesta, 'ya'yansu kuma suka juyo suka dawo, duk a cikin abin da bai kai shekara ɗari ba. Ni ba Kirista ba ne, kuma ba ni da ta cewa a kan wace ɗarika ce ke kan daidai, wannan tsakaninsu ne. Abin da ya riƙe ni shi ne yadda aka yi abin. A Faransa an yi ta kashe juna shekaru a kan wannan magana, a Jamus ma haka. A Lituweniya ba a yi yaƙin addini ba. Makaranta da takardar naɗin muƙami ne suka gama aikin, kuma duk wanda ya taɓa zaman jiran ƙarin girma a ofis zai gane labarin nan tun kafin in kai ƙarshe.

Lituweniya ta wancan lokacin ba ita ce 'yar ƙaramar ƙasar yau mai mutum ƙasa da miliyan uku ba. Daula ce babba, ta haɗa Belarus ta yau gaba ɗaya, da wani babban yanki na Yukren har zuwa 1569. Su ne na ƙarshe a Turai da suka bar addinin gargajiya, sai a 1387 sarkinsu Jogaila ya shigar da su Katolika bayan ya auri sarauniyar Poland. Wato lokacin da Martin Luther ya tayar da ƙura a Jamus a 1517, Kiristancin Lituweniyawa shekara 130 kawai ya yi. A gabashin daular kuma yawancin jama'a 'yan Otodoks ne irin na Rasha. Sarki ɗaya suke da shi da Poland, amma sarkin ba shi da cikakken iko. Ikon yana hannun wani aji na masu asali da gonaki, su ke zaman majalisa, su ne daga baya suke zaɓen sarki, a cikinsu kuma akwai 'yan gidaje ƙalilan masu garuruwa da dakarun kansu. Sauran ƙananan masu asali, mai ƙauye ɗaya ko rabin ƙauye, yaran waɗannan manyan gidaje ne, a inuwarsu suke ci.

To a nan ne Mikolaj Radziwill ya shigo, wanda ake wa laƙabi da Baƙi don a bambanta shi da ɗan baffansa mai suna iri ɗaya da ake kira Ja. Baƙi shi ne kamar Wazirin daular, kuma gwamnan Vilnius babban birni. 'Yar uwar Ja, Barbara, ita ce matar sarki Sigismund Augustus. Kun ga ke nan gidan ya riƙe fada ta kowace ƙofa. A cikin shekarun 1550 Baƙi ya fito fili ya bi koyarwar John Calvin na Geneva. Bai tsaya a baki ba. Ya yi ta musayar wasiƙu da Calvin ɗin kansa, har Calvin ya sadaukar masa da wani littafinsa na sharhin Baibul a 1560. Ya kafa maɗaba'a a garin Brest, ya tara malamai, ya biya daga aljihunsa aka fassara Baibul gaba ɗaya zuwa harshen Poland, aka buga a 1563. A garinsa na Nesvizh kuma wani malami Simon Budny ya buga littafin koyar da addini a harshen mutanen gabas a 1562.

Da Waziri ya juya, sai kowa ya juya. Gidaje da dama suka bi, har da waɗanda asalinsu Otodoks ne irin su Chodkiewicz da Sapieha. Wasu sun bi ne don sun yi karatu a Jamus sun dawo da ra'ayin, wasu don sun gaji da ushirin da ake ba coci da ikon bishop-bishop, wasu kuwa, mu faɗi gaskiya, don mai gida ya bi. Kuma a tsarinsu, wanda ya mallaki ƙauye shi ke da ikon cocin ƙauyen. Ranar da ubangida ya sauya, sai a sallami fada a kawo fasto, a sauke gumaka da hotuna, talakan da ke noma masa gona ya zo ran Lahadi ya tarar an canza masa ibada ba tare da an tambaye shi ba.

Baƙi ya rasu a 1565. Ga inda labarin ya ɗaure min kai.

Ya bar 'ya'ya maza huɗu. Babban, Mikolaj Krzysztof, shi ake kira Maraya, wai tun yana jariri sarki ya tarar da shi an bar shi shi kaɗai a ɗaki ya sa masa sunan. Uban ya yi duk abin da uba zai yi, ya tura shi makarantun Furotesta a Strasbourg da Tubingen. Amma yaron yana ɗan shekara goma sha biyar uban ya mutu. Ya wuce Italiya, ya ga birnin Rum, manyan coci suka karɓe shi hannu bibbiyu, cikin shekara biyu da rasuwar uban ya koma Katolika. Bai tsaya nan ba sai da ya jawo ƙannensa uku duka. Ɗaya daga cikinsu, Jerzy, ya zama bishop na Vilnius, a 1583 Fafaroma ya naɗa shi kadinal yana ɗan shekara ashirin da bakwai. Ɗan jagoran Furotesta na ƙasa fa! Maraya ya sallami fastocin da ubansa ya zuba a garuruwansu, kayan ɗab'in uban suka ƙare a hannun 'yan Katolika a Vilnius, ya gina wa ƙungiyar Jesuit makaranta da ƙaton coci a Nesvizh, garin da aka buga littafin Budny. Ana ma ruwaito cewa ya bi kwafe-kwafen Baibul ɗin da ubansa ya kashe dukiya a kai yana saye ana ƙonawa.

Na san wani zai ce, ai wannan sauya sheƙa ce kawai irin ta 'yan siyasa, iska ta juya sun bi. Ni ma haka na fara ɗauka. Amma Maraya ya hana ni riƙe wannan fassara. A lokacin da ya sauya, Furotesta ne ke da ƙarfi a Lituweniya, baffansa Ja shi ya gaji kujerun ubansa kuma ɗan Calvin ne, babu wata riba ta kusa da zai samu. Daga baya da rashin lafiya ta kama shi ya yi alwashi, a 1582 ya kama hanyar Ƙudus, ya bi ta Siriya da Masar, bai dawo ba sai 1584, ya rubuta littafin tafiyar. Mutumin da ke wasa da addini don kujera ba ya ɗaukar wannan wahala. Don haka ni dai na yarda ya yi imani da abin da ya koma. Matsalar tana ga dubban da suka biyo bayansa, da irin hanyar da aka shimfiɗa musu.

Hanya ta farko makaranta. Bishop na Vilnius, Walerian Protasewicz, da ya ga cocinsa na neman zama kango sai ya gayyato 'yan Jesuit a 1569. Waɗannan mutane ba su fara da zagi a kan mumbari ba, duk da sun iya shi. Makaranta suka buɗe a 1570, a 1579 sarki Stefan Batory ya ɗaga ta ta zama jami'a, ita ce Jami'ar Vilnius ta yau, shugabanta na farko Piotr Skarga, mai wa'azin da babu kamarsa a zamanin. Kuma karatun kyauta ne. Ana koyar da Latin, da iya magana a gaban jama'a, da muhawara, wato daidai abin da ɗan mai asali yake buƙata in yana so ya yi fice a majalisa ko kotu. Yanzu ka ɗauki kanka a matsayin ƙaramin mai gona ɗan Furotesta, 'ya'ya biyar, ba ka da kuɗin tura ko ɗaya Jamus. Ga makaranta mafi kyau a ƙasar, ba ko sisi, kuma sun ce ba sa tilasta wa kowa. Za ka hana ɗanka? Sai ka ce ya je ya ɗebo ilimin ya bar musu addininsu. Yaro ya shiga yana ɗan shekara goma, abokansa can, malaman da yake ganin girmansu can, wasan kwaikwayo da bukukuwa can. Bayan shekara bakwai ya dawo gida da Latin a baki, yana yi wa ubansa kallon ɓatacce. Furotesta suna da nasu makarantun, amma kowace ta rataya ne a wuyan attajiri guda. Ran da ya mutu ko magajinsa ya sauya, makaranta ta mutu. Su kuwa Jesuit ƙungiya ce, malami ya mutu a turo wani daga wata ƙasa, manhaja ɗaya ko'ina.

Hanya ta biyu ita ce ta fi shafata a matsayina na ma'aikaci. A takarda, babu ƙasar Turai da ta kai wannan adalci a lokacin. A 1573, watanni kaɗan bayan kisan gillar da aka yi wa Furotesta a Paris, masu asali na Poland da Lituweniya suka zauna a Warsaw suka rattaba hannu cewa ba za su zubar da jinin juna ko su hukunta juna a kan bambancin addini ba, kuma duk sarkin da aka zaɓa sai ya rantse a kan haka. A 1588 aka shigar da wannan cikin kundin dokokin Lituweniya. Doka lafiya lau. Amma naɗin gwamnoni, da kujerun majalisar dattawa, da rabon gonakin sarauta da ake ba mutum ya ci har ya mutu, duk a alƙalamin sarki suke. Sai aka zaɓi Sigismund na Uku a 1587, mutum mai tsananin riƙo da Katolika, 'yan Jesuit zagaye da shi, ya kuma yi shekara 45 a kan gado. Bai soke dokar 1573 ba. Bai kori kowa daga aiki ba. Jira kawai yake kujera ta faɗi, sai ya duba wanda zai ba. Shekara arba'in da biyar ana haka, ai ko dutse ne ya lotsa. Da ya hau, 'yan Furotesta sun cika kujerun Lituweniya a majalisar dattawa. Da ya mutu a 1632 sai dai a ƙirga su da yatsu.

Ga misali ɗaya da ya ishe ni. Reshen gidan Radziwill na zuriyar Ja, masu garuruwan Birzai da Kedainiai, su ba su sauya ba. Jikan Ja, Krzysztof Radziwill, soja ne na gaske, shi ne mataimakin babban kwamandan dakarun Lituweniya tun 1615, shi ke fama da sojojin Suwidin a arewa, sau da yawa da kuɗin aljihunsa. Babban kwamanda ya rasu a 1621. Kowa ya san wanda ke layi. Sarki ya bar kujerar babu kowa shekara huɗu, sannan a 1625 ya miƙa ta ga Lew Sapieha, dattijo ɗan shekara 68, gwanin doka da diflomasiyya wanda yaƙi ba sana'arsa ba ce. Krzysztof ko kujerar majalisar dattawa bai samu ba sai da sarkin ya mutu, ɗansa ya hau, sannan ya zama gwamnan Vilnius a 1633, babban kwamanda a 1635. Don adalci, ba addini kaɗai ba ne, gidan nasu 'yan adawa ne, wansa ma ya shiga tawayen da aka yi wa sarkin a 1606. Amma ƙaramin mai asali da ke kallo daga ƙauye ba zai tsaya wannan tantancewa ba. Abin da zai gani shi ne, in Radziwill guda da dukiyarsa da dakarunsa an tsallake shi, ni wane ne? Ba sai an ce masa komai ba. Mu da muke aiki mun san wannan, ba a rubuta maka cewa ga dalilin da ya sa fayil ɗinka bai motsa ba, kai ne za ka duba waɗanda nasu ya motsa ka yi lissafi.

Shi kansa Sapieha abin nazari ne. An haife shi Otodoks, ya zama ɗan Calvin yana saurayi, ya koma Katolika a 1586, bayan shekara uku ya zama Waziri. Addini uku a rayuwa ɗaya. Da sauƙi a ce masa ɗan neman kujera. Amma shi ne ya tsaya aka buga kundin 1588 mai kare 'yancin addini, kuma a 1622 ya rubuta wa wani babban limami, Josaphat Kuntsevych, wasiƙa mai zafi yana tsawatar masa a kan rufe wa 'yan Otodoks coci-cocinsu da ƙarfi. To ina za ka ajiye irin wannan mutum? Abin da na fi jin haushi a tsarin kenan. Da zarar an ɗaura muƙami a jikin aƙida, mai gaskiya da mai neman abinci sun shige riga ɗaya, har abada ba mai iya raba su, ko 'ya'yansu ba za su iya ba.

Talaka kuwa sau biyu aka juya shi. Kakansa an mai da shi Furotesta ba shawara, shi kuma an dawo da shi Katolika ba shawara. Aka shiga shari'o'i a kan gine-ginen coci da gonakinsu. A wani gari Siluva, inda cocin Katolika ya ɓace shekaru, aka tono tsofaffin takardun mallaka da aka binne a akwati, aka je babbar kotu, Katolika suka ci shari'ar a 1622. Yau wurin babbar cibiyar ziyara ce, don sun yi imani Maryamu ta bayyana a can a 1608. Riba ɗaya da zan ce talaka ya samu a wannan ja-in-ja ita ce harshensa. Littafi na farko da aka taɓa bugawa da harshen Lituweniya na Furotesta ne, wani fasto Martynas Mazvydas ya buga shi a Konigsberg a 1547. Sai da Katolika suka ga ana janye musu mutane sannan nasu malamin, Mikalojus Dauksa, ya fito da nasa a 1595. Manyan su da harshen Poland suke magana, gasa ce ta sa aka tuna da bakin manomi.

Da adadi ya ragu, sai dokar 1573 ta fara zama takarda kawai. A 1611 gungun jama'a suka ƙona cocin 'yan Calvin na Vilnius. Aka sake ginawa. A 1639 aka zargi wasu daga harabar cocin da harba kibau kan cocin mata masu zaman zuhudu da ke maƙwabtaka da su, cocin da Sapieha ya gina kuma a ciki aka binne shi. Rikici ya tashi, a 1640 aka yanke hukunci 'yan Calvin su kwashe cocinsu su koma bayan ganuwar birni. Gwamnan birnin a lokacin Krzysztof Radziwill ne, ɗan ɗarikar, bai iya hanawa ba. A shekarar ya rasu.

Sai ɗansa Janusz ya zo ya ba da abin da ake nema. A 1655 Rasha ta ci Vilnius, Suwidin ta shigo ta ɗaya gefen, daula na rugujewa. Janusz, wanda shi ne babban kwamanda, ya sa hannu a Kedainiai ranar 20 ga Oktoba aka raba Lituweniya da Poland aka haɗa ta da Suwidin, ƙasar Furotesta. Sama da mutum dubu suka sa hannu tare da shi, da yawansu Katolika, har da bishop. Amma da abin ya watse, Janusz ya mutu a ƙarshen shekarar a cikin wani gidan ganuwa da aka yi wa ƙawanya, laifin sai ya sauka a kan ɗarika guda. Daga nan Furotesta ya zama maci amana a idon jama'a. A 1658 majalisa ta kori wata ƙaramar ɗarika da ba ta yarda da Triniti ba daga ƙasar baki ɗaya. A 1668 aka haramta fita daga Katolika. Ƙofar da aka yi shekara ɗari ana shiga da fita, yanzu ta koma shiga kawai. A 1733 aka hana wanda ba Katolika ba zama a majalisa ko riƙe muƙami. Abin da Sigismund ya yi da alƙalami a ɓoye, jikokin waɗanda suka sauya suka mai da shi doka, kuma da yawan masu ɗaga hannun kakanninsu 'yan Calvin ne.

Wani abu a gefe, don na san zai ba wasunku mamaki. Akwai Musulmi a wannan daula duk tsawon lokacin nan, Tatar, tun ƙarshen ƙarni na 14, da masallatansu, suna yi wa sarki aikin sojan doki. Har rubutun ajami suke da shi, harshen Belarus da na Poland da baƙaƙen Larabci, kamar dai namu. Su ma guguwar ta taɓa su, aka matsa musu da dokoki ga albashi ba a biya, a 1672 wasu rundunoninsu suka koma ɓangaren Daular Usmaniyya, sai daga baya sarki Jan Sobieski ya lallaso da yawansu suka dawo. Wannan labari ne na wata rana in Allah ya kai mu.

Reshen Birzai ya ƙare ne a kan mace guda, Ludwika Karolina. Uwarta ta rasu tana jaririya, ubanta Boguslaw ya bi a 1669 tana 'yar shekara biyu. A ƙasar Jamus aka rene ta, can ta yi aure, mijinta na biyu ma Katolika ne. Amma har ta mutu a 1695 tana da shekara 28 ba ta sauya ba, tana aika kuɗi ana biyan fastoci da ɗalibai a garuruwan kakanninta, ana buga musu littattafai da harshen Lituweniya. Har yau akwai 'yan Calvin a yankin Birzai, 'yan dubbai ne a ƙasar duka, yawancinsu jikokin manoman gidan ne. A Kedainiai kuma cocin da Krzysztof ya fara ginawa yana nan tsaye, ɗansa Janusz yana kwance a ɗakin ƙarƙashinsa, masu yawon buɗe ido na shiga suna kallon akwatunan.